A Sa Wa Yaran Magariya Littafi a Kunne

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Magariya da Dungas, daga Bande zuwa Washa, daga Sasumburum zuwa Dogo-Dogo, ya san rumfar mai cajin waya. Ga faifan sola a kan rufi, ga wayoyi a jere, ga saurayi da ƴar kwamfutarsa yana tura wa mutane abin sauraro a memori. Dattijo ya zo neman tafsiri da karatun Alƙur'ani, direba ya nemi Shata ko Ɗan Maraya, samari su ɗebi fina-finan Kano da fassarar Indiya, matan aure kuma su aiko a saka musu littattafan hikaya waɗanda ake karantawa da murya babi-babi. Kowa a gida yana da rabonsa, in ban da mutum ɗaya, wato yaro ɗan shekara biyar zuwa goma sha biyu. Shi ba a tanadar masa komai ba, sai abin da ya tsinta daga na manya. Alhali ƙidayar 2012 ta samu mutane sama da 900,000 a gundumomin nan biyu, kuma a Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. A ganina wannan giɓi babbar asara ce, kuma cike shi yana daga cikin abubuwa mafi araha da za a iya yi wa ilimin yaran yankin. Abin da nake kira a yi shi ne littafin sauraro: littafin yara, da Hausa, wanda mai iya karatu ya karanta da murya aka naɗa, yaro ya ji a rediyo ko a waya, ya sake ji iya son ransa.

Bari mu fara da inda ciwon yake. Shirin PASEC, wanda ke auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya gwada yaran Nijar a 2014, ya tarar cewa a cikin masu gama firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Da aka sake gwajin a 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen uku cikin goma. Ci gaba ne, kuma malamai sun cancanci yabo a kansa. Amma ma'anarsa ita ce yara bakwai cikin goma sun yi shekara shida suna zuwa lakwal, a ajin zana ko na siminti, sun fito ba sa iya karanta shafi su faɗi abin da ya ƙunsa yadda ya kamata. Waɗannan ma su ne suka kai ƙarshe. Ba a lissafa waɗanda suka fita a hanya da waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu ba. In aka zauna neman dalili akan ambaci cunkoson aji da ƙarancin littattafai da malaman kwantiragi da ba su samu isasshen horo ba, duk kuwa gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba, wanda ya shafi yadda karatu kansa yake ginuwa a kan yaro.

A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka fito da bayanin da har yau masu nazarin koyon karatu ke dogara da shi. Suka ce abu biyu ne ke haifar da fahimtar rubutu: iya haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma, da kuma fahimtar harshen kansa idan an ji shi da kunne. In ɗaya ya zama sifiri, sakamakon duka sifiri ne. Manomin Yekuwa zai gane wannan ba sai an ja masa bayani ba, don ya san amalanke mai shanu biyu ba ya motsi in ɗaya ya kwanta, komai ƙarfin ɗayan. Makarantunmu kusan duk ƙarfinsu a kan na farkon yake ƙarewa, galibi ma cikin Faransancin da yaro bai taɓa ji a gidansu ba. Na biyun kuwa, wato yawan kalmomin da yaro ya sani, da sabawarsa da doguwar jimla, da iya riƙe zaren labari daga farko har ƙarshe, da sanin duniyar da ke bayan garinsu, an bar shi ga sa'a. Ga shi kuma bincike ya daɗe da nuna cewa kunnen yaro yana gaba da idonsa da shekaru. Abin da zai fahimta in an karanta masa ya fi abin da zai iya karanta wa kansa nesa ba kusa ba, kuma ido ba ya kamo kunne sai wajen shekara goma sha biyu zuwa sha uku, shi ma a wurin yaran da karatunsu ke tafiya daidai. Yarinya ƴar shekara takwas da ke fama da haɗa baƙaƙe tana iya bin rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja tiryan-tiryan in an karanta mata, ta yi dariya inda ake dariya, ta tambayi abin da ya ɗaure mata kai. Shekarun nan biyar ko shida da kunne yake a buɗe, ido bai iso ba tukuna, su ne muke bari suna wucewa a banza.

Wani zai ce ai yaran Magariya cikin magana suke wuni, kuma Hausar da suke ji a gida da dandali mai gishiri ce. Haka ne. Amma harshen littafi daban yake da harshen hira. Hira tana jingina da abin da ke gaban mutane, nuni da hannu, “miƙo min wancan”, “je ki dawo”. Littafi kuwa dole ya kawo komai cikin kalmomi, shi ya sa yake ɗauko waɗanda ba a cika ji a tsakar gida ba. Donald Hayes da Margaret Ahrens sun ƙirga wannan a 1988: a cikin kowace kalma 1,000 ta littattafan yara sun samu kusan 31 na kalmomin da ba a saba ji ba, a hirar manyan da suka gama jami'a kuwa 17 kacal. Lissafin na Ingilishi ne, amma duk wanda ya buɗe Magana Jari Ce ya kwatanta da hirar bakin rijiya ya san haka abin yake a Hausa. Warwick Elley kuma ya nuna a Niyu Zilan a 1989 cewa yara ƴan shekara bakwai da takwas suna kama sababbin kalmomi daga jin labari kawai: sun ƙaru da kashi 15 cikin ɗari in an karanta musu ba bayani, da kashi 40 in mai karatun ya ɗan tsaya ya bayyana kalmar. A ƙasashen da iyaye suka yi karatu, uwa ko uba ke yin wannan aiki kafin barci, tun yaro bai san baƙi ba. A Nijar manya masu iya karatu ba su kai huɗu cikin goma ba, a karkara kuma, musamman cikin mata, abin ya yi ƙasa da haka sosai. Uwa a Gushi ko Malawa ba ta gaza kowace uwa son ɗanta ba. Littafin ne babu, in ma akwai, ba a ba ta damar koyon buɗe shi ba. Littafin sauraro ne zai iya shigar da harshen littafi cikin irin wannan gida a daren yau, ba sai an jira shekara ashirin ƴarta ta girma ta zama uwa mai karatu ba.

Kada a ɗauka wani baƙon abu ne za a koya wa Bahaushe. Turawa sun fara naɗar littattafai ne a shekarun 1930 domin makafi, a Amurka da Ingila; a Ingila an soma ne a 1935 saboda sojojin da suka rasa idanunsu a yaƙin duniya na farko. Sai daga baya masu gani suka gane daɗin abin. Mu kuwa rubutu ya daɗe yana iso wa jama'a ta kunne. Almajiri a makarantar allo, malam ke biya masa, ya ji, ya maimaita, idonsa a kan allon da aka rubuta abin da yake faɗa. Nana Asma'u ƴar Shehu ta rubuta waƙoƙin ilimi, matan da ake kira jaji, shugabannin Ƴan Taru, suka kai su ga matan ƙauyuka da ba su taɓa riƙe takarda ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, Imfirajinsa kuma ta zagaya ƙasar Hausa a bakin masu rera ta. Tafsirin azumi ma ai littafi ne ake karantawa ana fassarawa, jama'a suna sauraro. A nan Nijar, tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari suka riƙa taruwa su ji shiri tare, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu a mayar gidan rediyo. Al'adar tana nan da ranta, yara ne kawai aka manta da su a ciki.

Babbar sukar da ake yi wa wannan ra'ayi daga malaman makaranta take fitowa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Suna cewa yaron da ya saba a karanta masa zai yi kasala, ya guji wahalar haɗa baƙi, tun da ga labari yana zuwa masa a sauƙaƙe. Akwai gaskiya a ciki. Sauraro ba ya koya wa kowa baƙi. Yaro zai iya jin littafi ɗari bai san yadda ake rubuta sunansa ba. Masu tallar littattafan sauraro a Turai da Amurka suna yawan kawo binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2019, wanda ya nuna cewa wuraren da ke sarrafa ma'ana a ƙwaƙwalwa kusan iri ɗaya suke aiki ko mutum ya karanta labari ko ya saurare shi. Abin da ba sa faɗa shi ne mutum tara aka gwada, dukkansu manya da suka riga suka iya karatu. Gwajin David Daniel da William Woody na 2010 ma ya nuna ɗaliban jami'a da suka saurari darasi sun ci ƙasa da waɗanda suka karanta shi, kuma ba abin mamaki ba ne, don abu mai wuya yana son a tsaya, a koma baya, a sake dubawa, ido kuwa ya fi kunne iya wannan. A Birtaniya, ƙungiyar National Literacy Trust ta tarar a 2024 cewa a karon farko yaran da ke jin daɗin sauraro, kashi 42 cikin ɗari, sun fi masu jin daɗin karatu yawa, waɗanda suka faɗo kusan kashi 35, abin da ya tayar wa malamai da yawa hankali a can.

Sai dai tsoron Birtaniya na ƙasar da littafi ya cika gida ne, inda sauraro ke iya ture karatu. A Kwaya ko Dungas me zai ture? Yaron da ke dawowa daga lakwal da kaye ɗaya na rubutu da ɗan allo ba shi da littafin labarin da zai ajiye don ya kunna rediyo. Abin da sauraro zai ture shi ne fim ɗin manya, ko zaman banza. Kasala kuma yawanci daga rashin sanin amfanin wahala take zuwa. Yaron da aka ce ya haddace baƙaƙe alhali bai taɓa jin abin da ke cikin littafi ba, an ɗora masa wahala ba a nuna masa ladanta ba. Wanda ya ji rabin labarin Iliya Ɗan Maiƙarfi, aka ce masa sauran yana cikin littafin can da ke kan teburin malam, ya samu dalilin koyo. Mafi kyau kuma a haɗa biyun: murya a kunne, littafi a hannu, yatsa yana bin layi. Hausar boko ta dace da wannan ƙwarai, don kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, saɓanin Faransanci mai baƙaƙen da ake rubutawa ba a furtawa. Manhajar Bloom, wadda ƙungiyar SIL ta yi kuma kyauta ce, tana haskaka jimlar da murya ke karantawa a fuskar waya. Inda babu babbar waya, takarda mai shafi takwas da aka buga a Damagaram da ƴar rediyo mai cin memori sun wadatar. Tarihin ƙasar nan ma ya riga ya nuna mana iyakar na'ura. Talabijin ɗin makaranta da aka gwada daga 1964 zuwa 1979 ya burge masana, amma tsadarsa ta hana shi isa ga mafi yawan yara. Shirin ABC kuwa, wanda Jenny Aker ta Jami'ar Tufts ta bi diddiginsa tare da ƙungiyar CRS a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010, ƙaramar waya kawai aka ƙara a ajin yaƙi da jahilci, malami yana nan bai gusa ba, kuma waɗanda aka koya wa amfani da wayar sun fi sauran ci a rubutu da lissafi. Shirin manya ne, kuma ba na sauraro ba, amma darasinsa ya shafe mu: abu mai araha da ke hannun mutane, ƙarƙashin kulawar malami, shi ne ya yi aiki.

Suka ta biyu ta fi taɓa zuciya. Ana cewa muna da tatsuniya, muna da kaka mai tara jikoki bayan sallar isha, don me za mu sa na'ura a gurbinta? Wannan tsoro yana da tushe ko a ilimi. Patricia Kuhl ta gwada jarirai ƴan wata tara a Amurka a 2003: waɗanda mutum ya zauna da su yana yi musu Sinanci sun koyi rarrabe sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa murya ko hoton mutumin kuwa ba su koyi komai ba. Wani bincike na jami'o'in MIT da Harvard a 2018 ya nuna cewa ga yara ƴan shekara huɗu zuwa shida, musayar magana da babba, ka faɗa in faɗa, ta fi yawan kalmomin da suka ji tasiri. Don haka jariri bakin uwarsa yake buƙata, kuma duk wanda ya ajiye wa ɗan shekara biyu waya don ya yi shiru ya cuce shi. Kaka tana da abin da naɗi ba zai taɓa samu ba. Tana ganin fuskar yaro, ta san wanda ya tsorata da wanda barci ya fara ɗauka, tana ƙara wa Gizo wayo ko ta rage gwargwadon wanda ya yi rashin ji da rana. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: littafin sauraro bai kashe hirar dare ba, don bai ma iso ba tukuna. Fim da waya da gajiyar neman abinci sun riga sun ci rabinta a gidaje da yawa. Abin da ya rage mana shi ne zaɓen abin da za a kunna a tsakar gida, tun da kunnawa dai ana yi.

A nan ne nake ganin amfanin abin ga zaman iyali ya ma fi amfaninsa ga makaranta. Fim ido yake kamawa, kowa ya yi tsit, fuskar waya kuma mutum biyu ko uku take ɗauka. Murya kuwa cika tsakar gida take yi, ta bar hannu da ido su yi aikinsu. Inna tana ɓarar gyaɗa, yaya tana wanke-wanke, ƙanne suna kan tabarma, labari ɗaya suke ji gaba ɗaya, ko fitila ba a buƙata. Kuma a gaban murya, uwar da ba ta yi lakwal ba ba ta ƙasa da ɗanta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Tun ranar da yaro ya fara zuwa makarantar boko akan fitar da irin wannan uwa daga harkar karatunsa. Ya kawo kaye, ba ta san abin da ke ciki ba, sai dai ta ce Allah ya ba da sa'a. To, in littafin da ake yi a aji shi ne aka ji jiya da dare a gida, ita ce za ta tsayar da rediyo ta ce, “Kai, me ya sa sarki ya yi fushi?” Ita ce za ta warware masa karin maganar da ta wuce shi, don a Hausa ita ce malama. Abin da Elley ya gano ke nan, bayanin babba a tsakiyar labari shi ne ya ninka ribar. Kaka ma ba ta rasa mazauninta ba. In aka ji tatsuniyar Daura ko ta Katsina a memori, ita za ta ce a garinmu ba haka ake ƙarasa ta ba, ta kawo tata.

Akwai kuma uban da ba ya gida. In an gama girbi, samari da magidanta da yawa daga wannan yanki suna tafiya ci-rani, wasu Kano da Legas, wasu Agadas da Aljeriya da Libiya, wata da watanni. Saƙon murya na WhatsApp ya riga ya zama wasiƙar wanda bai iya rubutu ba. Uban da ke aiko gaisuwa da lissafin kuɗin hatsi zai iya aiko labari na minti biyar, daga littafi in ya iya, da ka in bai iya ba, ƴaƴansa su ji muryarsa a kan abin da ba umarni ba ne. Yarinyar da aka cire daga makaranta, ko wadda talla ke cinye mata yini, sauraro ba zai maye mata gurbin aji ba, kuma kada kowa ya fake da shi ya ce an biya ta haƙƙinta. Amma zai hana ta yankewa da ilimi ɗungurungum. Yaro makaho kuwa, wanda littafin rubutun makafi bai taɓa isowa ƙauyensu ba, dama dominsa aka ƙirƙiro abin.

Da wane harshe? Da Hausa, da kuma Fulatanci da Barbarci a gidajen da su ake yi. A birnin Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa tare da Faransanci, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Iyaye da yawa suna tsoron cewa jarrabawa da aikin gwamnati da Faransanci ake yi, don haka lokacin da aka ba Hausa daga can aka ɗebo shi. Amma yaron da ya san yadda labari ke tafiya, ya san dalili da sakamako, ya san akwai teku da hamada da ƙwayar cuta, suna kawai zai sauya in ya shiga wani harshe. Wanda bai san abin ba ko a harshen uwarsa, wahala biyu ke gabansa. Faransancin ma gajeren labari da aka fara ji da Hausa, aka sake ji da shi, ya fi jerin kalmomin da ake rerawa a aji ba a san ma'anarsu ba.

Mai cewa ana fama da yunwa da zazzaɓin cizon sauro, wa ke ta littafi, ba zan raina maganarsa ba. Asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki tun 2005, ya kwantar da yara sama da 700 a lokaci guda a daminar 2018. Amma ba kuɗin magani ake neman karkatarwa ba. Memori mai giga 2 yana ɗaukar karatu na sama da awa 60, turawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth kyauta ce, gidan rediyon karkara kuma ba zai ƙi shiri mai kyau da aka kawo masa ba. Damuwar iyaye a kan abin da waya ke kawowa ita ma a wurinta take, shi ya sa na fifita rediyo mai memori: ba ta da hoto, ba ta shiga intanet, abin da uwa ko uba suka saka shi kaɗai za ta faɗa.

Aikin da ya rage shi ne naɗin kansa, kuma a nan ne ya kamata hukumomi da masu hali su sa hannu. Akwai littattafan Zariya irin na Abubakar Imam, akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, akwai littattafan da aka buga a Yamai don makarantu masu harshe biyu, akwai gajerun labarai na African Storybook da aka ba kowa izinin amfani da su, cikinsu har da na Hausa. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, tana da taskar muryoyin mutanen da. Ya kamata jikokinsu su ji. Littafin da yake da mai shi, a nemi izini a biya, don marubucin Hausa ya sha wahalar masu kwafe aikinsa, kada a ce don yara ne a ƙara masa. Sai dai ba zan so a tsaya ga tsofaffin littattafai ba, ko ga hikaya kaɗai. Yaron Magariya ya cancanci littafi a kan gawo, yadda manoman Magariya da Matamaye da Mirriya suka bar shi ya sake tsirowa a gonakinsu har masana daga ƙasashen duniya suka zo gani, da dalilin da ya sa yake zubar da ganye da damina gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Ya cancanci littafi a kan raken kwarin Korama, da tarihin sarautun Tsotsebaki na Washa da Dungas, da hanyar da shanu ke bi zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis.

Masu karantawa ba sai an nemo su daga nesa ba. Magariya tana da makarantar horon malamai, Damagaram tana da tata da kuma Jami'ar André Salifou, garin da ya raini wasan kwaikwayo irin na su Yazi Dogo kuwa ba zai rasa murya ba. Da za a sa kowane ɗalibin malanta ya naɗi littafi ɗaya kafin ya karɓi takardarsa, da an ci riba biyu, don malamin da ya koyi karatu da murya mai rai zai tafi da shi ajinsa. Aikin dai yana son kulawa. Karatun yara ba a yin sa da saurin labaran duniya, ba a kuma cika shi da kiɗa har ya danne magana. Kashi ɗaya kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar, a tsaya inda rai ke son ci gaba, a bar ɗan shiru bayan tambaya don a amsa a gida. A sa muryoyin mata da na tsofaffi, a bar kowa da karin harshensa na Damagaram ko na Daura, kada a matsa masa sai ya yi Kananci. Kafin a saki naɗi, a kunna wa yara a ga inda hankalinsu ya tafi, a gyara wurin. Kuma tun da yawancin binciken da na kawo a wasu ƙasashe aka yi shi, da harsunan da ba namu ba, ya kamata mu auna namu da kanmu. Masu kula da makarantun Magariya da Dungas su zaɓi makarantu ashirin, a ba goma littattafan da naɗinsu, a jinkirta wa goma, a gwada yaran a Oktoba, a sake gwada su a Yuni, a fito da sakamakon fili ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In ya nuna riba, a faɗaɗa zuwa Matamaye da Mirriya a shekarar da ke biye. In bai nuna ba, a bincika ko naɗin ne bai yi kyau ba, ko kuwa ba a kunna shi a gidaje ba.